Yadda Za Ka Haɗa Mutum-mutumi Mai Bin Layi Don Shiga Gasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin gasar mutum-mutumi ya ga irin wannan: wani ya ajiye nasa mai sheƙi, ya danna maɓalli, abin ya fita kamar kibiya, yana isa kwanar farko ya zarce ya bar layi, mai shi ya dafe kai. Sai wani ɗan ƙarami da ba wanda ya kalla sau biyu ya biyo baya, ya sha kwanar nan lafiya lau, ya kammala zagaye, alƙali ya rubuta masa lokaci. Wanda bai ƙarasa ba kuwa ba shi da lokacin da za a rubuta. A kan wannan na gina jagorar nan: mu fara samun mutum-mutumin da ke kammala zagaye duk sa'ad da aka ajiye shi, gudu kuma mu ƙara masa daga baya, kaɗan-kaɗan.

Gasannin masu sha'awa iri-iri ne. Akwai kokawar sumo, inda a ƙaramin ajinta mutum-mutumi ba ya wuce santimita 10 a tsawo da faɗi, nauyinsa bai wuce giram 500 ba, su biyu suna ture juna a da'ira mai faɗin santimita 77. Akwai Micromouse, wanda ke neman hanyarsa zuwa tsakiyar wani ruɗaɗɗen fili mai ɗakuna 16 sau 16. Amma ga mai farawa, ban ga kamar bin layi ba, inda mutum-mutumi ke bin layin da aka shimfiɗa a ƙasa da kansa, ba tare da wani ya tuƙa shi ba. Kayansa kaɗan ne, filin gwajinsa kana iya shimfiɗa shi a ƙasan ɗaki, kuma abin da za ka koya a cikinsa, wato karanta ido, sarrafa moto da lissafin gyaran tuƙi, shi ne ginshiƙin sauran duka.

Kafin ka sayi ko da noti ɗaya

Nemo dokokin gasar da kake son shiga, ka karanta su har ƙarshe. Tun ran gini ran zane. Ka duba iyakar girma da nauyi, faɗin layin, launinsa (baƙi a kan fari ne ko fari a kan baƙi), ko akwai mararraba, ko layin na yankewa, ko akwai kwana mai kaifi. Ka duba ko za a ba ka damar daidaita idanu a filin kafin a fara, da yawan damar gudu da kowa zai samu. Yawancin gasannin masu farawa suna amfani da baƙin layi mai faɗin kusan milimita 19, wato faɗin baƙin tef ɗin da masu aikin lantarki ke naɗe waya da shi. Shi za ka manna a kan farin allo ko farar takarda mai kauri ka yi filin gwajinka.

Kayan da za ka tara

Ƙwaƙwalwar ita ce Arduino Nano, ɗan allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni, mai jerin ƙafafun ƙarfe da ake jona wayoyi a kansu. Ƙarami ne, yana aiki da bolt 5, kuma yana da ƙafafu takwas masu karanta ƙarfin lantarki, A0 zuwa A7, daidai da adadin idanun da za mu saka. Akwai alluna da suka fi shi sauri nesa ba kusa ba, amma a wannan mataki ba saurin ƙwaƙwalwa ne zai hana ka nasara ba.

Idanun kuwa jeri ne na ƙananan sensa masu aiki da hasken infirared. Kowane ido yana da fitilar da ke haska ƙasa da kuma mai karɓar hasken da ya dawo. Fari yana mayar da haske da yawa, baƙi yana shanye shi, da haka mutum-mutumin yake gane inda layi yake. Jerin QTR-8A na kamfanin Pololu sananne ne, yana da ido takwas a jere. Kana iya harhaɗa naka da TCRT5000 guda biyar ko shida, zai yi aiki, sai dai ka tabbata kana karɓar ainihin ƙarfin hasken daga gare su, ba irin allon da ke ba da amsar "fari" ko "baƙi" kawai ba. Wannan bambancin yana da girma, za ka ga dalili idan mun zo lissafi.

Sai moto guda biyu, ƙanana masu giyar ƙarfe da ake kira N20. Ana sayar da su da rabon giya daban-daban, kuma a nan ne mutane da yawa ke zarmewa. Mai giya 10:1 yana da gudu na fitar hankali, amma ba shi da ƙarfin tashi da tsayawa nan take. Ni dai 30:1 nake ba mai farawa shawara. Ga lissafin: irin mai ƙarfi a cikin masu giya 30:1 yana juyawa kusan sau 1000 a minti a kan bolt 6. Idan faɗin da'irar tayarka milimita 32 ne, zagayenta kusan santimita 10 ne, ke nan mutum-mutumin zai iya kusantar mita ɗaya da rabi a daƙiƙa. Wannan ya fi abin da za ka iya riƙewa a watanninka na farko. Ka sayi biyun a lokaci ɗaya, iri ɗaya, in da hali ka ƙara na uku ka ajiye.

Ƙafar Arduino ba ta iya ba moto wuta kai tsaye. Abin da take bayarwa lafiya bai wuce miliamfiya 20 ba, moto kuwa idan ya cije yana iya jan fiye da amfiya ɗaya. Don haka ake sa direban moto a tsakani, wato ɗan allon da ke karɓar umarni daga Arduino ya ba moto wuta daga batir. Ka ɗauki TB6612FNG. Za ka ga L298N a ko'ina, babba mai baƙin ƙarfen sanyaya jiki a kai, amma yana da nauyi, kuma yana cinye kusan bolt 2 ya mayar da shi zafi kafin wuta ta kai moto. A kan ɗan mutum-mutumi irin wannan, asara ce biyu.

Batir: LiPo mai sel biyu, bolt 7.4, ƙarami mai kimanin miliamfiya-awa 300 zuwa 500. Tseren daƙiƙu ne, ba ka buƙatar ɗaukar katon batir. Saura su ne makunni, maɓallin farawa, kafasita (abin da ke tara wuta kaɗan ya sake ta nan take) babba ɗaya mai kusan mikrofarad 470, ƙanana biyu masu 0.1, allon haɗi mai ramuka, siraran wayoyi, dalma da ƙarfen narka ta, da mitar auna lantarki. Mitar nan kada ka ce sai daga baya. Ba tare da ita ba lalube za ka yi ta yi a duhu.

Magana ɗaya a kan LiPo, don ba abin wasa ba ne. Ka yi cajinsa da cajar da aka yi domin irinsa, mai daidaita sel-sel. Kowane sel ya cika a bolt 4.2, kada ka bari ya sauka ƙasa da 3.0, gara ma ka tsaya tun yana 3.5. Kada ka bar shi a caji ka fita. Idan ya kumbura ko ya huje, aikinsa ya ƙare.

Gangar jiki

Siffar da ta fi aiki mai sauƙi ce: tayoyi biyu a baya, jerin idanu a can gaba, da siririn hannu da ya haɗa su. Ana iya yanka ta daga falankin roba mai kaurin milimita 2 ko 3, ko siririn katako, ko a buga ta da injin buga siffofi. Abin da ya fi kayan muhimmanci shi ne inda nauyi ya zauna. Batir da direba da Arduino duka su taru a kan tayoyi, ƙasa-ƙasa. Gaba ya kasance shafal. Idan gaba ya yi nauyi, duk sa'ad da mutum-mutumin ya so juyawa sai nauyin ya ja shi ya wuce inda ya nufa, kuma babu lissafin da zai gyara maka wannan.

Tsakanin tayoyi da jerin idanu ka bar kusan santimita 10 zuwa 13. Nisan yana ba shi damar hango kwana kafin tayoyi su iso ta. Idan ya yi tsawo da yawa kuma, a kwana mai kaifi sai idanun su fice daga layin gaba ɗaya.

Tsayin idanu daga ƙasa shi ne abin da nake so ka ba lokaci. QTR-8A ya fi gani da kyau a milimita 3. Ga dabarar da nake amfani da ita: katin banki kaurinsa ya ɗan haura kashi uku cikin huɗu na milimita, don haka idan ka jera tsofaffin kati huɗu ka tura su ƙarƙashin idanun suka shiga dam-dam, ka samu. Ka gwada ta hagu, ka gwada ta dama. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi ko da milimita ɗaya ne, mutum-mutumin zai riƙa karkata ba ka san dalili ba. Don gaban ya riƙa zamewa a ƙasa, sa ɗan ƙwallon ƙarfe mai juyawa, ko ɗan abu mai santsi a kowane gefen jerin.

Moto biyun su zauna a layi ɗaya cif, a ɗaure da maɗauri da noti. Gam mai zafi yakan saki idan moto ya ɗumama.

Haɗa wayoyi

Allon da ake cusa wayoyi ba tare da dalma ba yana da amfani a kan tebur, amma a kan abin da ke gudu yana girgiza, waya ɗaya za ta zare a lokacin da ba ka so. Da zarar ka tabbatar haɗin yana aiki, ka narka dalma.

Sunayen da za ka gani a nan, irin su VM da VIN, sunayen ƙafafu ne da ke rubuce a jikin allunan. Wutar batir ta bi ta makunni, sannan ta rabu biyu: reshe ɗaya zuwa VM na direba, ɗaya zuwa VIN na Arduino. Daga ƙafar 5V ta Arduino ka ba VCC na direba da jerin idanu wuta. Duk ƙafafun GND, wato ɓangaren nagatif, na batir da direba da Arduino da idanu, dole su haɗu wuri ɗaya. Rabin matsalolin da ake cewa aljanu ne a irin wannan aiki, GND ne da ba a haɗa ba.

PWMA da PWMB na direba su tafi ƙafa ta 5 da ta 6 ta Arduino, su ne za su riƙa faɗa wa kowane moto ƙarfin da zai yi, da lamba daga 0 zuwa 255. AIN1, AIN2, BIN1 da BIN2, masu zaɓar gaba ko baya, su tafi ƙafa ta 7 zuwa ta 10. STBY ka haɗa shi da 5V, in ba haka ba direban zai yi shiru kamar ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau. Idanu takwas su shiga A0 zuwa A7 bi da bi, daga hagu zuwa dama. Maɓalli ya zauna tsakanin ƙafa ta 2 da GND.

Babbar kafasitar ka manna ta tsakanin VM da GND, kusa da direba, ka lura da ƙafarta mai alamar nagatif. Ƙananan biyun kuma kowacce a kan bakin moto ɗaya. Amfaninsu shi ne lokacin da moto ya fizgi wuta farat ɗaya, kada ƙarfin lantarki ya faɗi har Arduino ya mutu ya sake tashi a tsakiyar tsere. Kafin ka jona batir karo na farko, sa mita ka tabbatar fozitif da nagatif ba su taɓa juna ba.

Gwada kowane sashe shi kaɗai

Ɗora mutum-mutumin a kan wani abu yadda tayoyi za su rataya a iska. Rubuta ɗan gajeren umarni da zai juya moton hagu gaba na daƙiƙa biyu, sannan baya, sannan na dama. Idan ɗaya ya juya saɓanin yadda ka ce, musanya wayoyinsa biyu. Bayan nan ka sa idanun su riƙa turo lambobinsu zuwa kwamfuta, ka riƙa wucewa da tef ƙarƙashinsu ɗaya bayan ɗaya. Lambobin suna tsakanin 0 da 1023: a kan fari ƙanana, a kan baƙi manya. Idon da bai motsa ba, a nan za ka kama shi, ba a filin gasa ba.

Koya masa bambanta fari da baƙi

Idanu takwas ba sa gani iri ɗaya, kuma hasken ɗaki yana canza abin da suke karantawa. Saboda haka duk lokacin da aka kunna shi, ka ware daƙiƙa biyar da za a riƙa kai jerin idanun hagu da dama a kan layi. A cikin lokacin, kowane ido yana ajiye mafi ƙanƙanta da mafi girman lambar da ya gani. Daga nan sai a miƙe karatunsa tsakanin waɗannan iyakoki biyu, fari ya zama 0, baƙi ya zama 1000, ga kowa da kowa.

Wannan darasin na koye shi da zafi. A gasata ta farko na daidaita idanu da dare a ƙarƙashin kwan lantarki, na rubuta lambobin a cikin umarni suka zama dindindin. Zauren gasar yana da manyan tagogi, rana ta kwanto a kan wani ɓangaren filin. Hasken rana cike yake da infirared. Mutum-mutumina yana shiga wurin sai baƙi ya koma masa fari, ya miƙe ya bar fili. Makonni na aiki suka tafi a cikin daƙiƙa huɗu. Tun daga ranar nake zagaye jerin idanu da ɗan siket na baƙar roba mai laushi da ke kare su daga hasken gefe, kuma ba na gudu sai na daidaita a kan filin da zan yi gudun.

Lissafin tuƙi

Yanzu muna so mu mayar da karatu takwas su zama lamba ɗaya da ke cewa ga inda layi yake. A ba idon farko daraja 0, na biyu 1000, haka har na takwas 7000. A ninka karatun kowane ido da darajarsa, a tara, a raba da jimillar karatun duka. Idan layi yana tsakiya cif, amsar 3500 ce. Idan ya karkata, lambar za ta matsa sama ko ƙasa a hankali, har ma tana nuna lokacin da layin ya faɗa tsakanin ido biyu. Abin da idanu masu cewa "fari" ko "baƙi" kawai ba za su iya ba ka ba ke nan. Laburaren QTRSensors, wato tarin umarnin da aka riga aka rubuta wa idanun QTR, yana yin wannan lissafin da daidaitawar duka, amma ka fahimce shi tukuna kafin ka jingina da shi.

Kuskure shi ne matsayin layi a debe 3500. Hanyar da aka saba ita ce PID, lissafi mai sassa uku da ke mayar da kuskure ya zama gyaran tuƙi, sai dai a bin layi galibi sassa biyu sun isa. Kp da Kd lambobi ne da za ka zaɓa da kanka, gudun tushe kuma shi ne ƙarfin da moto biyun ke yi idan babu kuskure:

gyara = Kp × kuskure + Kd × (kuskuren yanzu − kuskuren baya)

gudun hagu = gudun tushe + gyara

gudun dama = gudun tushe − gyara

Sashen farko yana cewa gwargwadon nisanka daga layi, gwargwadon ƙarfin juyowarka. Shi kaɗai yana sa mutum-mutumi ya riƙa lilo, ya wuce layi ta nan, ya dawo ya wuce ta can. Sashe na biyu yana duban saurin da kuskuren ke canzawa. Idan ana komowa layi da ƙarfi sai ya taka birki tun kafin a wuce, idan kuma kwana ta taso ba zato sai ya ƙara fizga. Kamar direban da ke fara sakin sitiyari tun motar ba ta gama miƙewa ba. Sashe na uku na PID, wanda lambarsa ita ce Ki, ka bar shi a sifili.

Ka tsare gudun kowane moto kada ya wuce 255. Idan lissafi ya ba da lamba ƙasa da sifili, kada ka mayar da ita sifili, ka bar tayar ta juya baya. Wannan ne ke ba shi ikon shan kwana mai kaifi. Idan kuma duk idanu suka ga fari, ya tuna gefen da ya ga layi na ƙarshe ya juya can da ƙarfi har ya same shi. A mararraba, inda duka suka ga baƙi, ya miƙe abinsa.

Karanta ido ɗaya yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin goma na milidaƙiƙa, don haka Nano yana iya zagaya wannan lissafin kusan sau dubu a daƙiƙa. Kada ka ɓata masa wannan da umarnin jira, kuma ka cire duk layin da ke tura lambobi zuwa kwamfuta bayan ka gama gwaji. Layi ɗaya da aka manta yana iya mayar da shi kamar mai tuƙi yana gyangyaɗi.

Daidaitawa

Nan ne ainihin aikin, kuma ya fi haɗawar cin lokaci. Samu littafi. Fara da gudun tushe 80 ko 100, Kd a sifili. Don samun Kp na farko, raba gudun tushe da 3500, zai ba ka wajen 0.03. Ajiye shi a fili ka kalla. Idan yana zarcewa a kwana, ƙara Kp. Idan yana karkarwa a miƙaƙƙen layi, ka kai inda za ka shigo da Kd. Fara da kamar ninki goma na Kp, ka riƙa ƙarawa har lilon ya kwanta. Idan ya fara ƙara mai kaifi yana ɓari, Kd ya yi yawa. Sai ya yi zagaye goma a jere bai bar layi ba, sannan ka ƙara gudu da 10 ko 15, ka sake daga farko.

Abu ɗaya tak za ka canza a kowane gwaji, ka rubuta lambobin da lokacin da ya yi da ƙarfin batir. Batirin yana da muhimmanci domin a cike yana ba da bolt 8.4, bayan ɗan lokaci ya sauka wajen 7.5, kuma saitin da ya yi daidai a ɗaya yana iya zama rago ko mahaukaci a ɗayan. Ka saba yin gwaji da batirin da ya kusa cika, haka kuma za ka shiga gasa. Ɗaukar bidiyo da waya a sannu-sannu yana nuna abin da ido ba ya kamawa, musamman ko bayan ne ke zamewa a kwana. Idan zamewa ce, laifin taya ne ba lissafi ba. Tayar silikon ta fi riƙe ƙasa, amma ƙura kaɗan tana kashe ta, don haka ka goge ta da ɗanyen tsumma ko ka mirgina ta a kan tef kafin kowane gudu. Kada ka shafa mata abu mai danƙo, gasanni da yawa sun hana.

Ka canza siffar filin gwajinka lokaci-lokaci, ka kuma gudu ta ɓangarorin biyu. Mutum-mutumin da ya saba da kwanar hagu kawai yakan ɓoye aibinsa har sai ya gamu da ta dama.

Ranar gasa

Tafi da saiti biyu a cikin umarninka, na natsuwa da na gudu, yadda za ka zaɓa da maɓalli ba sai ka buɗe kwamfuta ba. A jaka ka sa batir na biyu a cike, moton nan na uku, ƙarfen dalma, tef, sukundireba da mita. Daren gasa ba lokacin gwada sabuwar dabara ba ne, abin da ya yi zagaye goma jiya shi za ka kai.

Da ka isa, duba inda haske ke faɗowa a filin, ka taɓa saman filin da yatsa ka ji santsinsa. Matse notin moto, tura katunanka huɗu ƙarƙashin idanu, goge tayoyi, daidaita idanu a kan layin gasar. Gudun farko ka yi shi da saitin natsuwa, a rubuta maka lokaci. Idan ya shiga littafin alƙali, a gudu na biyu sai ka danna ɗaya saitin, ka ajiye shi da layi a tsakanin ido na huɗu da na biyar, ka janye hannunka.